Wane keke ne zai iya hanyoyin burji na Dadin Kowa da tsaunukan Tula?

Tambaya: Ina zaune a Gombe. Nakan ga bidiyon Turawa suna tuƙa keke a hanyoyin tsakuwa tsakanin tafkuna da duwatsu, ba mota ko ɗaya. Ina sha'awar fara irin wannan a wajejen Dadin Kowa da Balanga da Tula. Sai na sayi irin kekensu mai tsada? Me zan tanada, kuma ta ina zan fara?

Amsa: Malam, ba sai ka saya ba. Keken da kake gani a bidiyon, wanda suke kira girabul, keken tsere ne da aka buɗa masa wuri don ya ɗauki taya mai kauri, aka kuma sassauta masa giya. Yana da daɗin hawa, amma an ƙera shi ne da tunanin hanyar da aka zuba wa tsakuwa aka daddaɓe. Mu a nan abin da ke tsayar da mai keke abu uku ne: ƙaya, yashi da rana. Dukkansu ba ruwansu da kuɗin da ka kashe a bodin keke. Inda kuɗinka zai yi maka aiki shi ne taya, sai giya, sai abin ɗaukar ruwa.

Ka kuma cire rai da samun hanyar da aka hana motoci da babura bi kamar yadda ake yi a wasu ƙasashen Turai. Abin da muke da shi shi ne hanyoyin ƙauye na burji, burtalin shanu, hanyoyin gona da gefen magudanun noman rani. Mota ba ta cika bin su ba, amma za ka haɗu da ɗan acaɓa, amalanken shanu, garken dabbobi, wani lokaci tifar yashi. Ranar kasuwar garin da hanyar ta nufa, shirun nan duk ya ƙare. Saboda haka kafin ka sa rana, ka san ranar da kasuwa ke ci a yankin, ka kauce mata.

Bari mu fara da ƙasa, domin ita ke zaɓar taya. Jihar Gombe mafi yawanta dutsen yashi ne, shi ya sa hanyoyin kewayen birnin suke da rairayi mai zurfi, ga kwazazzabai da zaizayar ƙasa ta haƙa. Idan ka gangara kwarin Gongola, inda dam ɗin Dadin Kowa yake, kimanin kilomita 40 gabas da Gombe a kan hanyar Biu, za ka riƙa cin karo da baƙar laka. Da rani ta bushe ta tsattsage, ta yi tauri kamar siminti, da sawun kofaton shanu a daskare a kanta. Da damina kuwa takan manne wa taya har ƙafar keke ta daina juyawa cikin 'yan mitoci. Kudu, wajen Kaltungo da Tula da Balanga, hawa da gangara ne da duwatsu masu motsi ƙarƙashin taya. Bauchi daban take: ƙasar kewayen dam ɗin Gubi da duwatsun Mbula na Dass daga ruɓaɓɓen dutse mai ƙwayoyi ta fito, tsakuwarta ta fi kama da wadda kake gani a bidiyo, kuma ta fi daɗin gudu. Da a Bauchi kake, da na ce taya mai faɗin milimita 40 ta ishe ka. A Gombe ka nemi milimita 45 zuwa 50, wato kusan inci 2.

Wannan ne dalilin da ya sa keken hawan dutse na hannu, irin wanda ake kawowa gwanjo, ya fi dacewa da mai farawa a nan. Tayarsa dama inci 2 ce, giyarsa mai laushi ce, kuma idan mai ƙafa inci 26 ne, tiyub da taya da sifok ɗinsa ba sa wuyar samu wajen masu gyaran keke. Ka zaɓi wanda ba shi da sifirin a baya. Sifirin ɗin baya na kekuna masu araha nauyi ne kawai, yana kuma shanye ƙarfin fedarka a hawa. Idan na gaban ma ya sandare ko yana lilo, gara a sa maka ƙafar gaba marar sifirin. Wajen saye ka goge ƙura ka duba duk inda aka yi walda, musamman ƙarƙashin wuya da wurin da sandar sirdi ke shiga, ko akwai tsaga siririya kamar gashi. Ka kwance sandar sirdi ka ga tana motsi, don wadda ta yi tsatsa ta kame ba za ka iya daidaita tsayinta ba. Bodin ƙarfe ya fi na alminiyam nauyi kaɗan, amma idan ya tsage kowane mai walda zai ɗinke shi. Bodin kabon na hannu kuwa, wato marar nauyin nan da ba ƙarfe ba ne ba alminiyam ba, ka bar shi inda ka gan shi, lahaninsa a ciki yake ɓoyewa. Duk tayar da za ka sa, ka tabbata akwai ratar aƙalla milimita 6 tsakaninta da bodi ta kowane gefe, in ba haka ba laka da tsakuwa za su riƙa cin fenti har su kai ga ƙarfe.

Sai iska. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya kai wa mai faci ya ɗura har taya ta yi tauri kamar dutse, wai don ta yi gudu. A kwalta mai santsi akwai ɗan gaskiya a ciki. A burji, taya mai tauri tsalle take yi a kan kowace tsakuwa, ba ta kama ƙasa a kwana, tana nutsewa a yashi, jijjigar kuma a hannunka da ƙugunka take ƙarewa. Ga mai nauyin kilo 70 da taya inci 2 mai tiyub, ka fara da psi 30 a gaba, 34 a baya (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya da agogon famfo ke nunawa). Idan tayar milimita 40 ce, ka fara da 38 a gaba, 42 a baya. Duk ƙarin kilo 10 na jiki ko kaya, ka ƙara kamar psi 3. Idan ba ka da famfo mai agogo, ka hau keken ka sa wani ya duba: tayar baya ta ɗan baje a ƙasa kaɗan, ba ta lotse ba. Iyakar ragewa ita ce inda gargare ya fara dukan dutse. Da ka ji wannan ƙarar ƙarfe-ƙarfe ta "kwal", ka tsaya ka ƙara iska, don abin da zai biyo baya shi ne gargaren ya datse tiyub ya bar huda biyu a jere kamar saran maciji. Duk lokacin da ka ga irin wannan huda, ba ƙaya ba ce, ƙarancin iska ne.

Ƙaya ita ce babbar magana, kuma a nan ne ya kamata ka fi zuba ido. Tsidau na shimfiɗe a gefen hanya da filayen kiwo, 'ya'yansa busassu suna kama taya goma-goma a lokaci guda. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya dogaye ne, suna ratsa taya su wuce. Magarya gajera ce mai lanƙwasa, takan karye a cikin roba ta zauna, ta riƙa huda duk sabon tiyub da ka sa. Lokacin da suka fi yawa a hanya shi ne bayan kaka, sa'ad da aka gama girbi, shingayen ƙaya suka watse, makiyaya kuma suna sassabe rassa don dabbobi. Ka'ida mai sauƙi: ka bi sawun babura, inda ƙasa ta goge, kada ka ratse cikin ciyawa don ka kauce wa rami, kuma kada ka jingine keke ƙarƙashin aduwa don ka sha inuwa.

Magani mafi inganci shi ne tubles, wato taya marar tiyub da ake zuba wa wani ruwa mai kama da madara wanda ke toshe huda da kansa. Ana zuba milimita 60 zuwa 90 a kowace taya gwargwadon kaurinta. Amma akwai sharuɗɗa. Sai gargare da tayar duka an yi su don tubles, kuma ruwan a zafinmu yakan bushe da wuri. Abin da ke jure wata huɗu ko biyar a ƙasar sanyi, a nan ka riƙa dubawa duk bayan mako shida: ka girgiza ƙafar keken kusa da kunnenka, idan ba ka ji motsin ruwa ba, ya zama danƙo. Wani amfanin tubles shi ne kana iya rage iska da psi 5 zuwa 8 ƙasa da lissafin da na bayar, tunda babu tiyub da za a datse.

Idan kekenka ba na tubles ba ne, akwai hanyoyi biyu masu araha. Ta farko, ka zuba wannan ruwan a cikin tiyub ɗin kansa. Bawul irin na mota da babur yana da ɗan ƙwaya a ciki da ake kwancewa, ka fitar da shi, ka ɗura ruwan da sirinji, ka mayar. Yana toshe hudar ƙaya, ko da yake ba ya iya wa hudar datsewa. Ta biyu, ka samu tsohuwar taya da ta sule, wadda ta ɗan fi taka siranta, ka yanke gefunanta biyu masu waya, ka shimfiɗa bayanta a cikin tayarka kafin ka sa tiyub. Keken zai ƙara nauyi, amma tsidau ya daina damunka. Sai dai ka goge bakin yankan da sanfefa ya yi laushi, don kaifinsa kan ci tiyub a hankali, ka rasa gane inda iska ke fita.

Maganar bawul ta tuna mini wani abu. Kekunan girabul da na tsere suna zuwa da siririn bawul da ake kira Presta, wanda bakin injin mai faci ba ya kama shi. Idan irinsa gare ka, ka sayi ɗan ƙaramin kan da ake ɗaura masa ya koma irin na mota, ka bar shi a jakar kayan gyara. Kuma idan mai faci zai sa maka iska da inji, ka tsaya a kansa, tayar keke cikin daƙiƙa kaɗan take cika.

Faci kuwa dole ka iya da hannunka, don a tsakanin ƙauyuka babu wanda zai yi maka. Idan ka ciro tiyub, kada ka juya shi, ka ajiye shi yadda ya fito don ka gane daidai wurin da hudar take a jikin taya, ka auna daga bawul. Ka bi cikin tayar da tsumma, zai maƙale a kan ƙayar, ka cire ta da tsinke ko ɗan hantsaki. Wanda ya tsallake wannan matakin zai sake tsayawa kafin ya yi kilomita ɗaya. Ka kankare wurin hudar da sanfefa, faɗin da ya fi facin. Ka shafa sholisho siriri, ka jira minti 3 zuwa 5 har ya daina sheƙi. Gaggawar manna faci a kan ɗanyen sholisho ita ce ke sa ya ɓalle idan taya ta ɗauki zafi. Ka danne shi da ƙarfi na minti guda. Kafin ka cika iska, ka zagaya ka tabbata bakin taya bai cije tiyub ba. Idan dutse ya yage gefen tayar, ka sa guntun tsohuwar taya ta ciki ya rufe yagar, ka rage iska, ka koma gida a hankali.

Yanzu giya, wadda za ta raba ka da tura keke a Tula. Lissafinta ba wuya: ka ƙirga haƙoran ƙaramin farantin gaba, ka raba da haƙoran babban farantin baya. Don hawa a kan burji, kana son amsar ta zama 1 ko ƙasa da haka. Keken ɗaukar kaya irin na da, mai giya ɗaya, yana tafiyar fiye da mita 5 a duk juyin feda, shi ya sa mai shi ke sauka da ya ga tudu. Keken tsere mai 34 a gaba da 28 a baya yana yin kusan mita 2.6, har yanzu da nauyi. Keken girabul mai 40 da 42 yana yin mita 2.1. Keken hawan dutse mai 22 da 32 yana yin mita 1.4 kacal, wato idan kana juya feda sau 70 a minti, kana tafiyar kilomita 6 a awa. Kamar tafiyar ƙafa ce, amma kana zaune kuma numfashinka bai ɗauke ba. Muhimmancin zama shi ne, da ka miƙe tsaye a kan feda a hawan tsakuwa, nauyi ya bar tayar baya, sai ta riƙa juyawa a banza. Ka zauna, ka ɗan matso bakin sirdi, ka sunkuyar da ƙirji don gaba kada ya ɗaga. Ka canza giya tun kafin hawan ya yi tsanani, ka kuma sassauta ƙafa a daidai lokacin canzawar. Canza giya da ƙarfi a tsakiyar hawa shi ke tsinka kaca.

Tsayin sirdi: ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Ciwon gaban gwiwa yawanci alamar sirdi ya yi ƙasa ne.

Gangara ta fi hawa haɗari. Birkin gaba shi ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa, amma a kan tsakuwa mai motsi idan ka damƙe shi farat ɗaya, tayar gaba ta zame, kuma wannan faɗuwar ba a ceto ta. Ka ja duka biyun a hankali, ka gama rage gudu kafin ka shiga kwana, ba a cikinta ba. Ka ɗaga daga sirdi kaɗan, ka ja ƙugu baya, fedoji a daidaice, gwiwa da gwiwar hannu a sake. A doguwar gangara kada ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa. Ka ja, ka saki, ka ja. Birkin da ke kama gargare yana zafafa shi har tiyub ya iya fashewa, birkin faifai kuma takalminsa kan ƙone ya yi santsi ya daina kamawa. Kuma kada ka yi gudun da ya wuce inda idonka ke gani. A ƙasar Gombe hanyar da ke lafiya bara tana iya zama bakin kwazazzabo bana, ba alama ba komai.

A yashi kuwa akasin abin da jiki ke so za ka yi. Ka sa giya mai laushi kafin ka shiga, ka mayar da nauyi baya, ka sassauta riƙon kan keke ka bar tayar gaba ta nemi hanyarta, kada ka daina juya feda, kada ka taɓa birkin gaba. Idan yashin ya yi tsawo, ka rage iska da psi 5, ka mayar bayan ka fita. Busasshen rafi mai rairayi har idon sawu, sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. A gargada irin wadda tayoyin motoci ke bari a burji kamar haƙarƙari, tafiya a hankali ta fi wahala: ka ƙara giya ɗaya, ka ɗan ƙara gudu, ko ka koma can gefe inda babura suka share.

Lokacin fita shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ƙasa ta bushe, rafuka sun ja, safiya da sanyi. Ka tashi bayan sallar asuba da gari ya waye, ka yi niyyar gamawa kafin ƙarfe 11. Ranar da hazo ya yi kauri har ba a ganin dutsen da ke gabanka, ka haƙura, ƙurar ba ta yi wa ƙirji daɗi idan ana haki. Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, ba lokacin koyo ba ne. Da damina ƙasar ta fi kyan gani, amma sai ka tsaya ga jan burji da ƙasar Bauchi, ka guji laka da tsallaka rafi bayan ruwan sama, ko da a can kan tudu aka yi shi.

Ruwa ka lissafa rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, ka ƙara lita ɗaya ta ko-ta-kwana. Tafiyar awa huɗu kenan lita 3 zuwa 4. Iskar hunturu tana busar da gumi nan take, mutum ya ɗauka bai yi zufa ba, alhali ruwan jikinsa na tafiya. Gora ɗaya ka haɗa mata ruwan gishiri da sukari: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ci kuma tun kafin yunwa ta zo, duk awa ayaba ɗaya da dabino uku ko huɗu, da ɗan ƙuli-ƙuli ko gyaɗa. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko tsigar jiki na tashi a cikin rana, duk alamun zafi ya fara cin mutum ne. A tsaya a inuwa, a jiƙa kai da riga, a sha ruwa kaɗan-kaɗan. Idan abokin tafiya ya fara maganar da ba ta da kan gado, asibiti za a nufa da shi a kan babur ba tare da jira ba.

Bakin ruwa yana da nasa dokokin. Dam ɗin Dadin Kowa, wanda aka kammala a 1984 a kan kogin Gongola, babban tafki ne, da Dutsen Bima a kusa, kuma da safe yana da kyan gani ƙwarai. Amma akwai dorina a ruwan, manoma da masunta na yankin sun san ɓarnarta. Da dare take fitowa kiwo ta koma da asuba, kuma a ɗan gajeren zango ta fi mutum gudu. Kada ka bi hanyar da ke dab da ruwa da duku-duku ko da magariba, kuma in ka gan ta a tudu kada ka shiga tsakaninta da ruwa. Ka tambayi masunta inda take fitowa, sun sani. Na biyu, kada zafi ya sa ka shiga wanka ko wanke ƙafa a gefen da ruwa ke kwance da ciyayi, nan ne ake ɗaukar tsargiya, a Dadin Kowa ne ko Balanga ko Gubi. Na uku, filin da ruwa ya janye ya bari da rani yana yaudara: samansa ya bushe, ƙasansa taɓo ne. Ginin dam ɗin kansa da tashar lantarki wuri ne mai masu gadi, ka nemi izini kafin ka hau ko ka ɗauki hoto.

A ƙasar Kaltungo abin kiyayewa shi ne kububuwa. Ba banza aka kafa asibitin masu saran maciji a garin ba. A kan keke ba ta cika zama matsala ba, haɗarin yana wurin da ka sauka: zama a kan tarin duwatsu, kewayawa cikin ciyawa, ɗaga dutse don ka tokare keke. Ka sa takalmi rufaffe da safa. Idan tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure wa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti. Kada ya tuƙa keken da kansa, motsin yana yaɗa dafi.

Wajen tsara hanya, hoton tauraron ɗan'adam na Google Maps yana taimakawa idan ka iya karanta launi: ja burji ne, fari-fari yashi, baƙi-baƙi laka. Ka sauke taswirar a waya tun a gida don sabis kan ɗauke a kwari. Amma taswirar da ta fi kowace ita ce ɗan acaɓan da ke bin hanyar kullum. Kada ka tambaye shi nisa, zai ce maka nan kusa ne. Ka tambaye shi minti nawa yake yi, ka ninka sau uku. Ka tambaye shi ko akwai yashi, rafi nawa ake tsallakawa, tifa na bi, da kuma ko hanyar lafiya a 'yan kwanakin nan. Wannan ta ƙarshen ba wasa ba ce. Dazukan Alkaleri da na Lame-Burra a jihar Bauchi sun sha fama da masu garkuwa da mutane, ba wurin yawon keke ba ne, gandun Yankari kuma ba a shiga sai da izinin hukumarsa. Ku fita ku biyu ko uku, ka bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za ku bi da lokacin dawowa. Mai farawa ya lissafa kilomita 12 zuwa 15 a awa, ya ƙara kusan awa guda a kan duk mita 500 na hawa.

Idan kun shiga ƙauye, ku rage gudu ku yi sallama. In za ku daɗe ko za ku riƙa dawowa, ku gaisa da jauro ko mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, domin baƙi da hular kwano suna ɗaukar hoto abin tambaya ne. Matsattsen gajeren wandon keke mai soso yana hana gogewar cinya, amma ka ɗora wando a kansa, ka ɗaure ƙafar dama kada kaca ta kama. Garken shanu a burtali, ka sauka ka koma gefe, kada ka kaɗa ƙararrawa, ka bar makiyayi ya wuce da su. Kare in ya biyo ka, ka sauka ka sa keken tsakaninku.

Jakar gyara: tiyub biyu, faci da sabon sholisho da ba a buɗe ba, don wanda aka buɗe yakan bushe, ƙarfen ɓare taya biyu, famfo, alanki mai lamba 4 da 5 da 6, abin yanke kaca da mahaɗin kaca da ya dace da yawan giyarka, guntun tsohuwar taya, da 'yar roba ta ɗauri. Ka nemi kuma ɗan ƙarfen nan da abin canza giya na baya ke rataye a jikinsa. An yi shi ne ya lanƙwashe idan keke ya faɗi ta dama, kuma kowane bodi da irin nasa. Idan ya lanƙwashe ba ka lura ba, ranar da ka sa giya mafi laushi sai abin canza giyar ya faɗa cikin sifok. Bayan kowace faɗuwa ta dama, ka tsaya ta baya ka duba ko yana nan a miƙe.

Kaca kuwa, ƙurar hunturu da baƙin mai idan suka haɗu sanfefa suke zama. Kada ka zuba mata man inji ta yi sharkaf. Ka goge ta da tsumma bayan kowace fita, lokaci-lokaci ka wanke da kalanzir ka bari ta bushe, ka ɗiga mai siriri ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya, sannan ka goge na waje tas. Mai ko kalanzir kada ya taɓa faifan birki. Ka auna ta da ruler: daga tsakiyar ƙusa ɗaya zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif a sabuwar kaca. Idan ya ƙaru da kashi ɗaya cikin 16 na inci, ka canza ta kafin ta cinye haƙoran faranti.

Fitar farko kada ta zama Tula. Ka ɗora keken a mota zuwa Dadin Kowa, don babbar hanyar Biu da manyan motocinta ba ita ka fito nema ba. Ka yi kilomita 20 zuwa 25 a hanyoyin gonakin rani, ka je ka dawo ta inda ka bi, ka gwada iska iri biyu ka ji bambancinsu. Bayan fita uku ko huɗu irin wannan, ka matsa Balanga inda hawa da sauka suke gajeru. Tula ka bar ta sai ka iya awa uku a kan sirdi ba tare da ciwon gwiwa ba, ka kuma sa sabon takalmin birki mako guda kafin ranar, don ya gama zama a kan gargare ko faifai kafin ka kai shi gangara.